Malama Mai Gaɗa da Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Bana shekara ashirin ke nan da Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa. A Unguwar Sarki kowa da Malama Mai Gaɗa ya san ta, ni ma Malama nake ce mata har ta koma ga Mahaliccinta. Duk shekara idan watan ya kewayo mukan taru a gida mu yi mata addu'a, a raba waina, a watse. A taron bana wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu ita ma ta tara jikoki, ta dafa kafaɗata ta ce, "Saude, kin san har gobe idan na ji an ce jump sai ƙafata ta nemi barin ƙasa?" Muka yi dariya har da hawaye, ga mu nan duk gwiwa ta fara ciwo. Na dawo ɗaki na zauna, na ce bana kam ba zan bar maganar ta tsaya a waina ba.

Wanda bai ga Kaduna ta tsakiyar shekarun saba'in ba, da wuya ya gane yadda makaranta ta faɗo wa mutane a lokaci guda. Gwamnati ta buɗe ƙofar firamare kyauta, sai yara suka tuɗaɗo kamar an fasa tulu. 'Ya'yan direbobi da leburori da suka zo daga Kano da Katsina da Zamfara, 'ya'yan 'yan tireda na Babbar Kasuwa, ga na Gwari da Nufawa da Yarbawa, duk a benci ɗaya, wanda bai samu benci ba ya zauna a ƙasa. Turanci kuwa hanyarsa ɗaya ce. Malami ya faɗa, yara su maimaita, bulala tana kwance a kan tebur tana sauraro. Yaro zai shekara yana rera abin da ke kan allo, amma ka tsayar da shi a hanya ka ce masa come, sai ya tsaya yana kallon bakinka.

Malama 'yan aji biyu take koyarwa, kuma abin ya dame ta. Ta lura cewa yarinyar da ba ta iya haɗa kalma biyu a aji, ita ce za ta fita dandali ta ja waƙar gaɗa mai tsawo ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce to ashe ba kan yaran ne da tauri ba, zaman ne ya yi musu yawa. Sai ta ɗauko gaɗar daga dandali ta kawo ta tsakar gidanmu, ta mayar da ita bayan la'asar, inda kowace uwa za ta iya leƙowa ta ga abin da 'yarta take yi. Wasu iyayen sun yi ƙorafi da farko, suna cewa an aika yara karatu an ɓige da rawa. Ba ta yi musu da kowa ba. Takan ce su zo su zauna a tabarma su gani, kuma gani ya kori ji, yawancinsu da suka zo sai da suka koma gida suna kaɗa kai a hanya ba su sani ba.

Mai kiɗanta maƙwabciyarmu ce, Inna Dije, Bazamfara mai kitso, mace mai murya kamar ana kiran wani a hayin kogi. Takan kifa ƙwarya a kan ruwa cikin daro ta dinga bugawa da ludayi. Yara su yi da'ira suna tafi. Idan Malama ta ce turn, kowa ya juya, ta ce jump a yi tsalle, ta ce stop ƙwarya ta yi tsit, wanda ya motsa a yi masa dariya. Ba ta taɓa fassara kalma ba. Takan ce idan ƙafa ta gane, kai ba shi da zaɓi sai ya bi. Daga nan abin ya girma ya zama wasan kwaikwayo sosai: labarin wata akuya da ta tsinke igiya ta shiga kasuwa. Akwai mai tumatir, akwai mai albasa, 'yan maza ƙanana su ne akuya da mai akuya da direban da ya kusa take ta. Mai akuya ya shigo yana rawa yana kukan where is my goat, kasuwa duka ta amsa masa tana nuna gabas da yamma. A ƙarshen wasan ake yin gaɗa ta ainihi. Malama ta tsaya a gaba ta kira yarinya da sunanta, come in Binta, come in, yarinyar ta shiga tsakiya ta yi juyi, ta faɗi sunanta da Turanci, ta ce catch me, sannan ta saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla sama.

Nan ne tawa matsalar ta fara, domin ni ce 'yar fari. Yaran yanzu sai an zaunar da su an yi musu bayani. A zamaninmu uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko ciwo ya ji sai dai wata ta ɗauke shi. Ni ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. A bayanta na girma, a tabarmarta nake kwana. Sai da na kai shekara bakwai Baba, wanda direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya je ya ɗauko ni saboda makaranta. Na iso Kaduna na tarar da wata doguwar mace mai fara'a, wadda duk yaran unguwa ke rataye a zanenta, aka ce mini ita ta haife ni. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce wa ƙanwar Baba, "A ba yarinyar nan ruwa."

Yarinyar nan. Da shi na zauna a gidan. Idan abu ya yi tsanani ta ce "ke". Na san al'adar, ba wai ban sani ba, a ƙauye ma haka ake yi. Amma a ƙauye ba a tara yara talatin a gabanka a dinga kiran kowa da sunansa cikin waƙa ana tsallake ka. Duk yammacin duniya sai in tsaya a da'ira ina jin layi yana matsowa: Binta, Laraba, Asabe, Modupe. Idan ya iso kaina sai ɗankwalin Malama ya tashi kwancewa, ta duƙa tana gyara shi, Inna Dije ta ɗaga murya a kan ƙwarya ta ce, "Saude! Shiga mana!" In shiga, in yi juyin, in faɗi kalmomin a ciki-ciki. Amma faɗawa da baya, wannan kam na ƙi. Sai in sandare kamar taɓarya. Inna Dije ta yi ta faɗa, "Ke ɗiya, mi kike tsoro? Hwaɗi mana, ba su yada ki!" Ni kuwa ba tsoron ƙasa nake ji ba. Zuciya ce ta ciwo ni, na ce wadda ba a kira ba ba ta da abin faɗawa.

Wani lokacin nakan zauna a bakin makarantar da jikata take zuwa, ina kallon iyaye mata na yanzu suna ɗaukar 'ya'yansu. Su rungume, su sumbata, su ɗauki hoto a waya, ɗan fari ne ko auta duk ɗaya. Nakan tambayi kaina me Malama za ta ce. Ina jin za ta rufe baki da gefen mayafi ta ce zamani riga, sannan in ta shiga ɗaki ta yi murmushi, domin ban taɓa yarda cewa kunyar nan daɗi take yi mata ba. Ɗauka ta yi kamar yadda ake ɗaukar tulu, don an ɗora mata, kuma ta ɗauke shi ba ta zubar ba. Abin da na tabbata ba za ta so ba shi ne yadda ake zaunar da yaro ɗan shekara uku a kujera tun safe, a ba shi jaka ta fi shi nauyi, a ci shi tara idan ya yi Hausa. Ita da Hausa take buɗe wasa, da Hausa take rufewa, Turancin a tsakiya yake kamar baƙon da aka ba wuri mai kyau amma bai zama mai gida ba.

Ana saura kwanaki a yi hutun ƙarshen shekara, hedimasta ya ce a kawo wasan akuya filin makaranta iyaye su gani. A makon ne Kaka ta iso daga ƙauye da ƙullin daddawa da kuka. Da ta gan ni ta ce, "Ƙawata, wa ya cinye miki kumatu? Birnin ne haka?" Na faɗa jikinta na yi ta kuka. Da yamma ta kira Baba ta ce ba ta ga alamar yarinyar nan tana jin daɗi ba, idan an yi hutu za ta koma da ni, boko kuma ya yi haƙuri, dama can ba da shi aka haife mu ba. A ƙauyenmu a lokacin ba makarantar da yarinya za ta je. Baba ya shigo tsakar gida ya sami Malama tana tankaɗe, ya gaya mata, ya ce me ta gani. Ina zaune a bakin rijiya ina jin su. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni me zan ce? 'Yarsu ce." Ta ci gaba da kaɗa rariya.

Yau na san babu wata amsa da surukar kirki za ta iya bayarwa a wancan zamani. Idan ta ce a bar mata 'yarta, sai a ce ta yi rashin kunya, har ƙauye sai labarin ya je. Amma a ranar ban san wannan ba, maganar ta shige ni kamar ƙaya. Na ƙudura a raina cewa ranar wasa ce ƙarshe. Idan Malama ta kira sunana a gaban mutane, zan roƙi Kaka ta bar ni. Idan ɗankwali ya sake kwancewa, zan ɗaure kayana in bi ta, ba zan ƙara waiwayar Kaduna ba, da ita da Turancinta da akuyarta.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. An share filin, an jera benci a inuwar dalbejiya, mata a gefe guda maza a gefe guda. Har 'yan kasuwa sun bar rumfuna sun zo ganin 'ya'yansu. Kaka ta ƙi benci, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba, ta miƙe ƙafa tana ɓare goro, daidai inda ba abin da zai wuce ta. Akuya ta shigo da ƙahon kwali ta tarwatsa tumatir, mutane suka yi ta dariya. Wani tsoho mai sayar da takalma ya ji ɗansa ya ce stop that goat da ƙarfi, ya miƙe tsaye yana nuna shi yana cewa nasa ne, sai da aka ja masa riga. Ni mai albasa ce, na yi rawata yadda aka koya mini, idona yana kan Malama.

Aka zo gaɗa. Ta tsaya a gaba cikin atamfarta mai ruwan ganye, tana tafi tana kira, yara suna shiga suna faɗawa ana cilla su. Layi ya matso, ya matso, ya iso kaina. Na zuba mata ido. Ba ta taɓa ɗankwali ba. Ta ɗaga hannu ta nuna ni, ta juya ga yaran ta tambaye su cikin waƙar, who is this? Yara talatin suka amsa da murya ɗaya, "Saude!" Ta sake tambaya, suka sake amsawa, filin ya ɗauka. Ashe ta shirya da su ban sani ba. Kowa ya ji daɗi, ni kaɗai na ji kamar an mare ni. Duk garin ya kira ni ban da ita. Na shiga tsakiya hawaye ya cika mini ido har ban ganin kowa, na yi juyin, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba na ce, "My name is Saude. Catch me!" Na saki jiki na tafi da baya da dukan nauyina, ban damu ba ko a tare ni ko in fasa ƙeya, tunda gobe tafiya zan yi.

Hannuwan da suka tare ni ba na yara ba ne. Manya ne, masu ƙarfi, da garin alli a tafinsu, na ji sanyin awarwaro a wuyana. Lokacin da nake juyi Malama ta bar wurinta a gaba, inda take tsayawa kullum, ta zagayo ta shiga cikin masu tara. Ban taɓa jin jikinta a nawa ba tun da na yi wayo. Ta riƙe ni ɗan lokaci fiye da yadda kiɗan ya ba da dama, har Inna Dije ta ƙara bugu ɗaya don ta rufa mata asiri. Ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Ashe ba ki da nauyi. Duk wannan taurin kan na banza ne." Sannan ta cilla ni sama. Da na sauko ta riga ta koma gaba tana kiran ta bayana, fuskarta kamar ba abin da ya faru.

Amma an gani. Mata suka yi ta zunɗe, wata ta ce lallai boko ya ci Malama, 'yar fari a bainar jama'a, kuma a gaban uwar miji. Muka dawo gida. Malama ta durƙusa ta ajiye wa Kaka kwanon tuwo, kanta a ƙasa, ta san ta yi abin faɗa. Kaka ta wanke hannu, ta ɗanɗana miya, ta ce gishiri ya yi. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni dai na ga abin da na zo gani. Wadda ta manta ina zaune ta je ta tari abinta, ba ni zan raba su ba." Ta juyo gare ni ta ce, "Ƙawata, zauna ki ci bokonki. In kin iya, ki zo ki koya wa awakina." Washegari Baba ya kai ta tasha da ƙullinta, nawa kayan suna nan inda suke a ƙarƙashin gado.

Kada mai karatu ya ɗauka daga ranar komai ya sauya. Malama ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya, har numfashinta na ƙarshe. Na gama firamare, na yi kwalejin horon malamai, na yi aure, na haihu, ina nan a yarinyar nan. A asibiti, a jinyarta ta ƙarshe, idan tana son ruwa sai ta ce wa ƙanena ya gaya wa "waccan". Sai dai ban ƙara jin zafinsa ba. Na riga na san inda take tsayawa idan zan faɗi. Lokacin da na faɗi jarrabawa, ita ta tashi da asuba ta je ta nemo mini wani gurbin, ta ce wa mutane Baba ne ya yi. Lokacin da na yi ɓarin cikina na farko, ba ta ce mini sannu a gaban kowa ba, amma wata guda ita ke dafa mini ruwan wanka.

Tsakar gidan nan yanzu an yanka rabinsa an yi shaguna, ɗaya na cajin waya ɗaya na ɗinki. Inna Dije ta riga Malama tafiya, daronta ma ban san inda ya shiga ba. Yara suna koyon Turanci daga zanen da ke motsi a waya, kuma ba zan yi ƙarya ba, bakinsu ya fi namu laushi. Da Malama za ta leƙo, ina jin za ta karɓi wayar ta jujjuya, ta yaba, sannan ta tambaya wa zai tare yaron idan ya faɗa da baya. Amma ba za ta yi baƙin ciki ba. Za ta ga 'yan mata sun cika makarantu har jami'a, ba wanda ke tambayar ko ya dace. Za ta ga cikin 'yan da'irarta akwai nas, akwai mai shari'a, akwai malamai da dama, kuma biyu daga cikinsu na sani har yau suna ture benci gefe su sa yara tafi idan darasi ya ƙi shiga. Da tsohuwar zuma ake magani, su ma sun gano haka da kansu.

Ni ma da na yi ritaya na dawo da abin. Ranar Asabar bayan la'asar yaran layinmu sukan taru a ragowar tsakar gidan, da bokitin roba a madadin ƙwarya. Akuyar tana nan, sai dai yanzu ɗan acaɓa ne yake kusan take ta. Ba ni nake tsayawa a gaba ba, 'yata ta fari ce, domin ta fi ni murya kuma ta fi ni Turanci. Tun ina budurwa na sha alwashin cewa ni kam in na haihu sai na kira 'yar farina da sunanta safe da yamma, kowa ya ji. Da aka haife ta, mijina ya rasa sunan da zai sa mata duk duniya sai na Malama. To wa zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau? Shekara talatin da wani abu ke nan ina ce mata Ummi. Ranar suna da aka gaya wa Malama, ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har tana riƙe ciki.

Idan na auna abin da ta bari, ba gida ba ne, ba kuma Turanci ba, don Turanci yanzu a kan titi ma ana tsintarsa. Abin da ya rage shi ne yaro ya buɗe baki ya faɗi sunansa a harshen da ba nasa ba, ba tare da tsoro ba, saboda ya san akwai hannu a bayansa. Allah Ya jiƙan Malama, Ya jiƙan Kaka da Inna Dije, Ya sa sun huta. Asabar ɗin da ta wuce jikata, 'yar farin Ummi, ta shiga tsakiya karo na farko. Uwarta ta kira ta da sunanta, da ƙarfi, ba ɗankwalin da ya kwance. Ni kuma na lallaɓa da gwiwata mai ciwo na zagaya baya, na tsaya inda Malama ta tsaya, na buɗe hannu.